Rumbun kwamfutata ya mutu, mai gyara ya ce in bar masa: in bari ko in koma in karɓo?

Ummin Yara:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar kwamfuta. Laftof ɗina da na shekara bakwai ina aiki da ita ta fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a jikin kwano, daga nan ta ƙi tashi gaba ɗaya. Na kai wa mai gyara, ya ce rumbun ajiyarta ne ya mutu, wanda suke kira had-dis. Ya sa mini sabo, aiki ya yi kyau. Da zan tafi na ga tsohon a kan teburinsa na ce ya ba ni, ya ce ai wannan gawa ce, ba abin da zan yi da shi, in bari ya haɗa da sauran tarkace. Na bari na taho. To tun daren jiya hankalina ya ƙi kwanciya. A cikin rumbun nan akwai hoton fasfo ɗina da na maigidana, takardun haihuwar yara, takardun banki, sakamakon asibiti, da hotunan cikin gida irin waɗanda ba na so idon bare ya gani. Don Allah abin da ya mutu ana iya ciro wani abu daga cikinsa? Ko ni ce nake ta da hankalina a banza?

Mai Gyara:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki koma yau ki karɓo abinki, kada ki bari ya kwana biyu. Ba ina zargin abokin sana'ata ba ne, mai yiwuwa zuciyarsa ɗaya. Damuwar ita ce inda kwalin tarkacen nan zai dosa bayan ya bar hannunsa. 'Yan gwangwan za su saya, su ma su sayar wa wani, wancan kuma shi ne mai zama ya jona kowane rumbu ɗaya bayan ɗaya don ya ware masu sauran numfashi. Idan muka ce rumbu ya mutu, abin da muke nufi shi ne ba a iya dogara da shi wajen aiki. Bayanan suna nan kwance a kan faifan ciki.

Ɗan Kasuwa:
Ni dai da girmamawa, ina ganin ana kambama abin. Rumbun da ke irin wannan ƙara sai an kai shi kamfani na musamman, an buɗe a ɗakin da ƙura ba ta shiga, kuɗi mai yawa. Wa zai kashe wannan a kan takardun mutum irina ko irin Hajiya? Mu ba gwamnoni ba, ba masu banki ba.

Injiniya:
Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce, kuma gara a faɗe ta don kada a firgita mutane. Idan allurar da ke karanta faifai ce ta lalace, to sai ƙwararre da kayan aiki. Amma ba kowace ƙara ce ke nufin haka ba, kuma yawancin abin da ake jefarwa da sunan ya mutu bai ma kai nan ba. Wani allon lantarkin da ke bayansa ne ya ƙone, wani wutar da ke isa gare shi ce ba ta isa, wani kuwa wurin da Windows ke tashi ne kawai ya lalace, sauran fili lafiya ƙalau. Irin wannan na ƙarshen, 'yar wayar USB ake jona masa a wata kwamfutar, foldojinka su baje kamar an buɗe akwati.

Kuma kalmar sirrin da kake sawa kafin ka shiga Windows ba ta kare komai a wannan halin. Ita ƙofar gida take tsarewa, shi kuwa wannan ya ɗauke ɗakin ne ɗungurungum ya kai wani gida.

Don ka ga taurin ran abin nan: lokacin da kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse a sama ranar 1 ga Fabrairu 2003, an tsinci wani rumbu ƙirar Seagate mai megabait 400 a cikin ɓaraguzan, ya ƙone ya narke ta waje. Kamfanin Kroll Ontrack ya ciro kusan kashi 99 cikin 100 na bayanan gwajin kimiyyar da ke ciki. Na yarda wannan aikin manya ne. Na kawo shi ne don a daina auna lafiyar bayanai da kamannin ƙarfen.

Ɗan Kasuwa:
Na ji wannan. Amma har yanzu ban ga ribar da ɓarawo zai ci da takardar haihuwar ɗan wani ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Alhaji, haɗa su zai yi. Suna, ranar haihuwa, hoton fasfo, lambar asusu, lambar waya, sunan mahaifiya. Wanda ya tara waɗannan zai iya kiran Hajiya ya ce daga banki yake, ya karanto mata abin da ta ɗauka banki ne kaɗai ya sani, ta saki jiki ta ba shi sauran. Zai iya neman bashi da sunanta. Ni kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hotuna da sakamakon asibiti. Kuɗi in ya tafi ana iya mayarwa. Mace a kira ta a ce ga hotonki a hannunmu, ki biya ko mu watsa, wannan tashin hankalin ba ya da farashi. Sannan ba sirrinta kaɗai ne a ciki ba, akwai na mijinta, na 'ya'yanta, da na duk wanda ya taɓa turo mata takarda bisa amana.

Ɗalibin Kwamfuta:
Malamai ku ba ni dama in sa baki. Ba sai an nufe ka kai musamman ba. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka wallafa abin da suka gano bayan sun sayi tsofaffin rumbuna 158, yawanci a kasuwar intanet ta eBay da shagunan kayan hannu. Guda 129 suna aiki. Guda 12 kacal aka goge yadda ya kamata. Sun samu lambobin katin bashi fiye da 5,000, da bayanan asibiti, da wasiƙun mutane. Ɗaya daga cikin rumbunan ma alamu sun nuna daga na'urar cirar kuɗi aka ciro shi, ga lambobin asusu da hada-hadar da aka yi duk a ciki. Ba su san ko mutum ɗaya cikin masu rumbunan ba. Taru suka jefa, abin da ya kama ya kama.

Baban Ɗalibai:
To ni tambayata daban. Ina da kwamfutar tebur da nake so in ba wani yaro da ke koyon aiki. Na goge fayilolina, na zubar da kwandon shara, na yi mata fomat. Na gama ke nan ko?

Injiniya:
Ya danganta da irin fomat ɗin, Malam. Ka ɗauki rumbu kamar gidan haya mai ɗakuna dubbai, da rajista a hannun mai gadi. Idan ka goge fayil, mai gadi yana soke sunan ne a rajista ya rubuta ɗaki ba kowa. Kayan suna nan a ɗakin har ranar da sabon ɗan haya ya shigo ya ɗora nasa a kai. Fomat na gaggawa kuwa sabuwar rajista ce aka kawo fara fat, ba a taɓa ɗaki ko ɗaya ba. Manhajoji irin su PhotoRec da Recuva, waɗanda kowa zai iya saukewa kyauta, aikinsu shi ne su bi ɗaki-ɗaki ba tare da sun kula da rajista ba.

Idan ka cire alamar da ke kan zaɓin gaggawa, to daga Windows Vista zuwa yau cikakken fomat yana bin filin yana rubuta sifili a kai. A zamanin Windows XP ba ya yi, duba lafiyar faifai kawai yake. Hanyar ganewa mai sauƙi: idan aikin ya ƙare cikin daƙiƙoƙi, ba a goge komai ba. Rumbu mai terabait ɗaya yakan ci sa'o'i kafin a rubuce shi daga farko har ƙarshe.

Baban Ɗalibai:
Nawa ko minti ɗaya bai kai ba. Allah ya sa ban riga na ba shi ba.

Mai Gyara:
Ka gwada da kanka kafin ka sake gogewa, Malam, don ka gani da idonka. Na taɓa yi wa wani dattijo haka a gabansa, ya rantse mini ya share komai. Muka sa manhajar, muka zauna. Ba a jima ba hotuna suka fara fitowa ɗaya-ɗaya a kan allo, har da na wata takardar gado da ya ɗauka da waya shekaru da suka wuce, sa hannun shaidu raɗau. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, bai ce uffan ba. Daga ranar duk abin da zai rabu da shi sai ya kawo an rubuce.

Tsohon Soja:
Ni ban san wannan dogon lissafin ba. Guduma. Ka ɗora shi a kan dutse ka ba shi har sai ya daina kama da kansa. Kowane rumbu, mai rai da matacce.

Mai Kishin Muhalli:
Ranka ya daɗe, a kan matacce ina bayanka ɗari bisa ɗari. A kan mai rai kuwa ban yarda ba. Rumbun da ke aiki lafiya, wanda wani ɗalibi zai shekara uku yana mora, a farfasa shi saboda tsoro alhali akwai hanyar goge shi tsaf, wannan ɓarna ce. Ana haƙo ma'adinai a ƙera abin nan, kuma tarkacen lantarki ya riga ya yi wa duniya yawa. Tsoron da ya wuce ilimi shi ke sa kamfanoni niƙa dubban rumbuna masu lafiya.

Tsohon Soja:
'Yata, na ji ana cewa sai an rubuce shi sau 35 kafin ya gogu. Wa ke da wannan lokacin?

Injiniya:
Wannan adadin yana da asali, Baba. Wani masani ɗan ƙasar New Zealand, Peter Gutmann, shi ya kawo shi a 1996, kuma ya tsara shi ne don ya game nau'o'in rumbunan wancan zamani daban-daban, kowanne da salon rubutunsa. Shi da kansa daga baya ya yi bayani cewa mutane sun mayar da abin kamar tsafi, rumbun zamani ba ya buƙatar haka. Hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka, a ƙa'idarta mai lamba 800-88 da ta fito a 2006 aka sabunta a 2014, ta nuna cewa ga rumbu mai faifai, rubucewa sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe tana hana a dawo da bayanan. Manhajar DBAN ta daɗe tana wannan aikin, a Windows kuma akwai umarnin clean all a cikin manhajar sarrafa rumbu mai suna diskpart. Sai dai a lura sosai wajen zaɓen rumbun, don in ka nuna wanda ba shi ba, abin da ke cikinsa ya tafi ke nan.

Inda maganar Baba ke da ƙarfi shi ne nan: rubucewa tana buƙatar rumbu ya tashi ya karɓi umarni. Wanda ya ƙi tashi ba ka da hanyar goge shi. Haka wanda ya fara tara gurabun da suka lalace, domin rumbu yakan killace irin waɗannan wuraren ya daina taɓa su, abin da ke cikinsu ya zauna yadda yake. Don haka rumbun da ya fi haɗari shi ne wanda mai shi ya fi rainawa, wato mataccen.

Ɗalibin Kwamfuta:
A ƙara da cewa duk wannan bayanin na mai faifai ne. SSD wata halitta ce daban. Ba faifai a cikinsa, ƙananan ƙwayoyin ajiya ne, kuma yana rarraba rubutu a wurare daban-daban don kada gefe ɗaya ya riga sauran tsufa. Yana kuma da ɓoyayyen fili da kwamfuta ba ta gani. Kana iya cewa ka rubuce fayil, shi kuwa ya rubuta a sabon wuri ya bar tsohon. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun nuna haka a 2011, har suka samu wani SSD da ya nuna ya goge alhali komai na nan. DBAN ba nasa ba ne. A yi amfani da manhajar kamfanin da ya ƙera shi, ko umarnin gogewa da ke cikin saitin kwamfutar, sannan a duba a tabbatar. In fasawa za a yi, sai an bi kowace ƙwaya, don huda ɗaya na iya wucewa ta tsakaninsu ba ta taɓa ko ɗaya ba. Filasha da memorin waya ma haka.

Ummin Yara:
Na gode ƙwarai, ina karantawa ina shirin fita. Wata maƙwabciyata ta ce in jiƙa shi a ruwan gishiri ko in goga masa maganaɗisu. Yana yi?

Mai Gyara:
Ba ya yi Hajiya. Ruwa allon waje yake ɓatawa, masu ceto bayanai sun saba karɓar rumbunan da ambaliya ta ci. Maganaɗisun gida kuma ba ya ko gezau da shi. In kika buɗe rumbu za ki tarar da wani maganaɗisu mai ƙarfin gaske a kusurwa, dab da faifan, tun daga masana'anta yake nan bai goge komai ba. Akwai injin maganaɗisu na musamman da kamfanoni ke amfani da shi, wannan daban ne, shi ma ba ya aiki a kan SSD. Wuta kuma kada ki kusanta, hayaƙin guba ne, kuma sau da yawa kwanson ne ke baƙi faifan na ciki lafiya.

Ga yadda nake yi. Sukurorin murfin masu kan tauraro ne, sai da sukundireba irin tasu, kuma kusan kullum akwai ɗaya ko biyu a ɓoye ƙarƙashin takardar da aka manna, ki shafa da yatsa za ki ji ramin. In murfin ya tashi za ki ga faifai yana ƙyalli kamar madubi. Shi ne abin nema. Na kwamfutar tebur galibi alminiyom ne, sai a karce shi, a huda wurare da dama, a lanƙwasa. Na laftof sau da yawa gilashi ne, bugu ɗaya yake tarwatsewa ya yi tsartuwa, don haka a naɗe shi a tsumma, a sa tabarau da safar hannu, yara su yi nisa. Baba Soja, gudumarka tana aiki, amma in ta bayan murfi kake duka, sai ka girgiza ka ji ƙarar tsakuwa a ciki ko ka buɗe ka gani. Na sha ganin wanda ya lotse ta waje faifan bai ko karce ba. Ragowar kuma a kai wurin masu karɓar tarkacen lantarki, ba cikin shara ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Masu ofis su ma su ji. A 2012 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar wata cibiyar asibitoci a Brighton fam 325,000, saboda rumbunan da aka ba wani ya lalata sun ɓulla a eBay ɗauke da bayanan marasa lafiya, har da masu cutar HIV. Ku yi tunanin mutumin da ya ɓoye ciwonsa ga kowa sai likitansa. Sannan ba kwamfuta kaɗai ba: manyan injinan fotokwafi na ofis da yawa suna da rumbu a ciki. A 2010 gidan talabijin na CBS ya sayi tsofaffi guda huɗu a Amurka, aka ciro takardun 'yan sanda da na marasa lafiya daga cikinsu. Kamfanin inshorar lafiyar da abin ya shafa, Affinity, ya biya sama da dala miliyan 1.2 a 2013.

Ɗan Kasuwa:
To wannan ya taɓa ni, don na sayar da injin fotokwafi bara ban ko san yana da rumbu ba. Amma manyan kamfanoni ai suna da masu yi musu wannan aikin.

Injiniya:
Suna da su, kuma nan ake faɗawa rami. Bankin Morgan Stanley na Amurka ya ba wani kamfanin kwasar kaya, wanda bai san aikin lalata bayanai ba, kwangilar kwashe na'urorinsa a 2016. Kayan suka bi hannu-hannu har gwanjon intanet. Wani mai sana'ar kwamfuta a jihar Oklahoma da ya sayi wasu daga ciki shi ya rubuto musu cewa ga bayananku a hannuna. A 2020 aka ci su tarar dala miliyan 60, a 2022 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ƙara miliyan 35, ta ce abin ya shafi mutane kusan miliyan 15. Sun miƙa amana ba su bi sawu ba. Kuma rumbu yana tafiya nesa: a 2009 ɗaliban aikin jarida daga wata jami'a a Kanada sun sayi rumbu a Ghana, suka tarar da takardun kwangilar tsaro na kamfanin Northrop Grumman na Amurka a ciki. In za ka ba wani ya lalata maka, ka rubuta lambar jikin kowane rumbu, ka tsaya a yi a gabanka, ko a ba ka takardar shaida mai ɗauke da lambobin.

Baban Ɗalibai:
Wanda kuma ya mutu yana cikin garanti fa? Kamfani zai ce sai ka dawo da tsohon kafin a ba ka sabo.

Injiniya:
Wannan ita ce tsaka mai wuya, don ba ka iya gogewa, in ka fasa kuma garanti ya tashi. Wasu kamfanoni, irin su Dell, suna da tsarin da za ka biya ƙari tun wajen saye ka riƙe mataccen rumbunka. In babu wannan, sai ka auna: kuɗin sabon rumbu, ko abin da ke cikin tsohon. Ni in akwai sirrin mutane a ciki, na haƙura da garantin.

Maganin da ke raba wannan gardama tun ran gini tun ran zane ake yin sa: ka kulle rumbun da mabuɗin sirri tun yana sabo. BitLocker a Windows, FileVault a kwamfutocin Apple, LUKS a Linux, ko VeraCrypt. Duk abin da aka rubuta a kai a cakuɗe yake sauka, ba mai karantawa sai mai mabuɗi. Ranar da ya mutu ba zato, ko aka sace laftof ɗin, abin da ke hannun mutum tarkace ne. Sharaɗin shi ne ka adana mabuɗin farfaɗowa a wani wuri daban, don in ya ɓace kai ma an rufe maka ƙofa. Hajiya, sabon da aka sa miki jiya, yau ne lokacinsa.

Ummin Yara:
Na dawo, alhamdu lillahi na samo shi. Bai yi musu ba ko kaɗan, har haƙuri ya ba ni. Sai dai ya riga ya jefa shi cikin kwali, kuma da muka zazzage akwai kusan goma masu kama ɗaya. Gabana ya faɗi. Allah ya taimaka yakan manna 'yar takarda ya rubuta ranar da ya cire, da ita muka gane nawa. Ina tsaye ina kallon sauran, kowanne na wani ne da ya tafi gida hankali kwance kamar yadda na tafi jiya. Na roƙe shi ya kira masu su.

Amma ga wata sabuwa. A hanya na tuna hotunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, na shekararta ta ƙarshe, a cikin rumbun nan kaɗai suke. Ban taɓa kwafe su ko'ina ba. Tunda kun ce bayanan suna nan, ke nan akwai yiwuwar in same su?

Mai Gyara:
Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Akwai yiwuwa Hajiya, kuma mai kyau, muddin faifan bai karce ba. Ki ajiye maganar guduma tukuna. Abu mafi muhimmanci, kada ki sake jona shi da wuta, kada ki bar kowa ya ce bari ya gwada. In allurar ce ta lalace, duk juyin da faifan ya yi tana iya ƙara gurzar sa, kuma abin da ta gurje ya tafi. Kada a buɗe murfin a gida, kada a sa shi a firji ko da wani ya ce yana yi. Ki naɗe shi a abu mai laushi, ki sa a aljihun tebur mai makulli inda ba danshi. Sannan ki nemi masu aikin ceto bayanai na gaske, ki tambaye su a ina suke buɗe rumbu, wa ke ganin fayilolin, kuma su rubuta miki cewa za su dawo miki da tsohon tare da kwafin, su goge nasu. Kafin ki miƙa, ki juya shi ki kwafe lambar da ke jikin takardar.

Ummin Yara:
Amin, na gode Malam. Na kwafe lambar a littafina, na naɗe shi a ɗankwali na kulle. Injiniya, in yara sun yi barci zan dawo ka nuna mini inda ake kunna BitLocker ɗin.